Tambaya da Amsa: Yadda Boise State ta Kayar da Oklahoma a Fiesta Bowl na 2007

Assalamu alaikum masu karatu. A cikin wasiƙun da ke zuwa mana kan ƙwallon Amurka, wato wadda ake runguma a hannu ana karo kamar zari-ruga, babu wasan da ake yawan tambaya a kansa kamar wanda jami'ar Boise State ta buga da jami'ar Oklahoma ranar 1 ga Janairu, 2007, a garin Glendale na jihar Arizona. An tashi 43 da 42 bayan ƙarin lokaci, Boise State ce ta yi nasara. Yawancin masu rubuto mana ɗan guntun bidiyon ƙarshen wasan suka gani a YouTube, sun ga mutane na tsalle suna kuka, amma ba su gane abin da ya faru a fili ba. Ga tambayoyin da muka zaɓa.

Daga wani mai karatu a Zariya: Mene ne wannan Fiesta Bowl ɗin? Wasan ƙarshe ne na cin kofi? In ba shi ba ne, me ya sa ake ta zuzuta shi?

Malam, ba wasan kofin ƙasa ba ne. Jami'o'in Amurka suna buga kakarsu daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, wasa goma sha biyu ko kusa da haka. In an gama, sai garuruwa daban-daban, galibi masu ɗumi a lokacin hunturu, su gayyaci ƙungiyoyi biyu da suka yi ƙoƙari su zo su buga wasa ɗaya tak. Kalmar Bowl kwano take nufi, kuma ta samo asali daga filin Rose Bowl na Pasadena a Kalifoniya, wanda aka gina shi zagayayye mai zurfi kamar kwano. A garin ne aka fara irin wannan wasa a 1902, inda Michigan ta lallasa Stanford 49 da nema. Saboda haka bari mu riƙa kiransu wasannin kwano. Fiesta Bowl ta fara a 1971, kuma na 2007 shi ne na farko da aka buga a sabon filin Glendale bayan ta baro garin Tempe. Mutum 73,719 ne suka shiga kallo.

Abin da ya ba wannan wasa nauyi shi ne bambancin ƙungiyoyin biyu. A wancan zamanin akwai wani tsari da ake kira BCS, wanda ya yi aiki daga kakar 1998 zuwa ta 2013. A ƙarƙashinsa, zakarun manyan rukunai shida ne ke da gurbi kai tsaye a manyan wasannin kwano, inda kuɗi da talabijin suke. A kakar 2006 Oklahoma ce zakarar ɗaya daga cikinsu, Big 12, kuma ta taɓa zama zakarar ƙasa sau bakwai, na baya-bayan nan a 2000 a hannun kocinta Bob Stoops. Ita kuwa Boise State, daga jihar Idaho, sai a 1996 ta shigo babban ajin jami'o'i, kuma rukuninta na lokacin, WAC, ba ya cikin shidan. Mutane da yawa ba su san ta da komai ba sai shuɗin filinta. Ta samu shiga ne saboda a kakar 2006 an sassauta doka: zakaran ƙaramin rukuni mafi matsayi, in ya shiga sahun 12 na farko a jadawalin BCS, yana da gurbi. Boise State ta ci wasanninta 12 duka, a shekarar farko ta kocinta Chris Petersen. Kafin ita, Utah kaɗai ta taɓa kutsawa daga ƙananan rukunai, a kakar 2004. Masu hasashe sun ba Oklahoma fifikon maki bakwai da rabi.

Daga wata mai karatu a Maraɗi: An ce Boise State na gaba da 28 da 10, sai ga shi ana saura minti ɗaya tana baya. Ta yaya ƙungiya ke zubar da irin wannan rata? Kuma don Allah ku fara bayyana yadda ake ƙirga maki.

Hajiya, bari mu fara da ƙa'ida a taƙaice. Tsawon fili yadi 100 ne, yadi irin wanda kika sani a wurin masu atamfa, sannan kowane ƙarshe akwai gidan ci mai zurfin yadi 10. Kowace ƙungiya 'yan wasa 11. Mai ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta cika, a ba ta sabbin huɗu. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya a daidai wurin. Shigar da ƙwallo gidan ci shi ne tacdawun, maki 6. Bayansa ƙungiya na da zaɓi: ta buga ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna ta samu maki 1, ko ta sake gwada shiga gidan ci daga yadi 3 ta samu maki 2. Bugun sanduna a tsakiyar wasa maki 3 ne. Ana buga zango huɗu na minti 15.

Boise State ta fara da ƙarfi. Majefinta, wato ɗan wasan da ake miƙo wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri don ya jagoranci hari, Jared Zabransky, ya jefa wa Drisan James ƙwallo ta yadi 49, sannan majefin Oklahoma Paul Thompson ya saki ƙwallo kusa da gidansu, Boise ta tsince ta, daga bisani mai gudunta Ian Johnson ya shiga da ita. An tafi hutun rabi 21 da 10. A zango na uku Marty Tadman ya tsinke jifan Thompson a sama ya koma da ita yadi 27 har gida, aka zama 28 da 10. Ya kamata a san cewa Thompson ya fara shirin kakar ne a matsayin mai cafke jifa. An mayar da shi majefi a watan Agusta bayan an kori wanda ke riƙe da matsayin. Sau uku aka tsinke masa jifa a wannan daren.

Inda bango ya tsage shi ne wani bugun sallama. In ƙungiya ta kai yunƙuri na huɗu ba ta cika yadi 10 ba, yawanci takan ɗirka ƙwallo sama ta aika wa abokan hamayya can nesa. Dokar wannan bugu tana da ƙaya: muddin ƙwallo ba ta taɓa kowa daga ƙungiyar da ake aika wa ba, tasu ce ko da masu bugu sun riga su isa. Amma in ta taɓa ɗayansu, ko a dunduniya ne, ko bai sani ba, ta zama ta wanda ya riga faɗa mata. Shi ya sa ake koya wa mai jiran ƙwallo, in ya ga ba zai cafke ba, ya ɗaga murya ya kori 'yan'uwansa daga wurin. Ƙwallon kuma mai tsini biyu ce, in ta daki ƙasa babu mai sanin inda za ta nufa. A wannan karon ta yi tsalle ta bugi ƙafar ɗan Boise State da ke tare wani, Oklahoma ta faɗa mata a kusa da gidan Boise, Adrian Peterson ya shiga daga yadi 8. A lura, wannan Peterson ɗan wasan Oklahoma ne, kocin Boise kuma Petersen. Bugun sanduna na Garrett Hartley ya mayar da wasa 28 da 20.

Ana saura minti 1 da daƙiƙa 26, Thompson ya jefa ƙwallo ta goga hannun wani ta faɗa hannun Quentin Chaney a gidan ci, 28 da 26. Dole su nemi maki 2, kuma sai da aka yi gwajin sau uku. Na farko an kama ɗan Boise da laifin riƙe mai cafke kafin ƙwallo ta iso. Na biyu Oklahoma ta ci, amma alƙali ya soke saboda 'yan wasanta sun sauya wuri ba su tsaya cik na daƙiƙa ɗaya ba kafin a miƙo ƙwallo, aka mayar da su baya yadi 5. Na uku Juaquin Iglesias ya cafke, 28 da 28. Da Boise ta karɓi ƙwallo, jifan farko na Zabransky ya nufi gefen fili alhali mai cafken ya miƙe gaba. Irin wannan jifa ana sakin sa ne kafin mai cafke ya juya, bisa yarda cewa su biyun sun karanta tsaron iri ɗaya. In suka saɓa, babu kowa a wurin sai abokin hamayya. Marcus Walker ya cafke ya gudu sama da yadi 30, aka zama 35 da 28 ana saura minti 1 da daƙiƙa 2. Maki 25 ke nan a jere Boise ba ta ce uffan ba.

Daga wani mai karatu a Kumasi: Na ga wani ya cafke ƙwallo, maimakon ya gudu sai ya wurga wa wani da ke wucewa ta bayansa. Wannan ya halatta? In ya halatta, don me ba a yin sa kullum?

Ɗan'uwa, ya halatta sarai. Doka ta ce jifan gaba sau ɗaya ne kawai a kowane yunƙuri, kuma sai daga bayan layin da aka fara. Amma jifan baya ko na gefe ba shi da iyaka, ko'ina a fili, sau nawa aka ga dama.

Ga halin da ake ciki. Zabransky ya jefa wa Derek Schouman doguwar ƙwallo suka tsallaka tsakiyar fili, sannan a yunƙuri na gaba aka kama Zabransky da ƙwallo a hannu aka mayar da su baya yadi 8, jifa biyu kuma suka faɗi ƙasa. Ya zama yunƙuri na huɗu, ana neman yadi 18, ƙwallo a kan layin tsakiya, saura daƙiƙa 18. In suka kasa, wasa ya ƙare.

Yanzu ka dubi abin ta idon 'yan tsaron Oklahoma. A irin wannan hali abu biyu ake koya musu. Na farko, kada kowa ya wuce ta bayanku. Na biyu, ku bar su su cafke a gabanku, ƙasa da yadin da suke nema, sannan kowa ya ruga ya kayar da mai ƙwallon. Wannan koyarwa daidai ce, kuma sau da dama ita ke kashe wasa. Dabarar Boise, wadda suke kira Circus a tsakaninsu, an ɗinka ta ne a kan wannan koyarwar.

Matakinta uku ne. Drisan James, shi kaɗai a hagu, ya ruga gaba yadi 15 ya lanƙwaso ciki, ya cafke ƙwallo a kan yadi na 35, wato da gangan saura yadi 3 ya cika abin da ake nema. Wannan gazawar ita ce ƙugiyar: kowane ɗan tsaro ya ga cewa in ya kayar da shi nan an gama, sai duk suka karkato zuwa tsakiya. James bai tsaya ba, ya ƙara taku kaɗan zuwa dama don ya ƙara jawo su. A daidai lokacin Jerard Rabb, wanda ya taso daga dama, yana ratsa fili zuwa hagu da cikakken gudu, ta ɗan bayan James. James ya wurga masa, Rabb ya bi gefen hagu yadi 35 ya faɗa kusurwar gidan ci ana saura daƙiƙa 7. Mutumin da ya zuba nauyinsa zuwa dama yana bukatar taku biyu ko uku kafin ya tsaya ya juyo, wanda kuwa ke cikin gudu ya ci yadi da yawa a wannan ɗan lokaci. Zabransky da Ian Johnson ma suna biye a baya, da an tare Rabb zai iya sake wurga musu. Anthony Montgomery ya buga maki 1, aka koma 35 da 35. Maki 22 aka ci a cikin daƙiƙa 86 na ƙarshe.

Dalilin da ya sa ba a yin ta kullum shi ne hanyoyin lalacewarta sun fi na gyaruwarta yawa. Jifan gaba in ya faɗi ƙasa, wasa ya tsaya, ƙwallo na nan hannunku. Jifan baya in ya faɗi ƙasa, ƙwallo a raye take, wanda ya tsinta ya samu. In mai ratsowa ya yi sauri ya sha gaban mai ƙwallo ko da taku ɗaya ne, wurgin ya zama jifan gaba na biyu, laifi ke nan, a soke ci. In ya makara, an riga an rungume na farkon, hannunsa a ɗaure. In majefi ya jefa ƙwallo sama da kai ko ƙasa da gwiwa, mai cafken zai ɓata rabin daƙiƙa wurin daidaita ta, kuma rabin daƙiƙar nan ita ce dukan dabarar. Sannan tana bukatar tsaron da ya ja baya sosai. In masu tsaro na manne da kowane mutum, wanda ke bin mai ratsowa zai iso tare da shi. Saboda haka ana ajiye ta ne don ranar da aka san tabbas yadda abokin hamayya zai tsaya.

Daga wani malamin makaranta a Katsina: Ƙarin lokacinsu bai yi kama da na ƙwallon ƙafa ba. Ban ga agogo na tafiya ba. Yaya tsarinsa yake, kuma wane ne wanda ya yi jifa a ƙarin lokacin, tunda ba majefin da aka saba gani ba ne?

Gaskiyarka Malam, babu agogon wasa. Ya fi kama da bugun fenariti. Ana ajiye ƙwallo a yadi 25 daga gidan ci, kowace ƙungiya ta samu dama ɗaya da ƙa'idar yunƙuri huɗu da muka bayyana. In an tashi kunnen doki a sake zagaye. A dokar wancan lokacin, daga zagaye na uku an hana bugun maki 1, dole a nemi 2. Tun 2021 an mayar da wannan tilas ɗin zagaye na biyu.

Wanda ya ci ƙuri'ar kwabo kusan kullum yakan zaɓi ya fara da tsaro, domin in nasa ya zo ya san ainihin abin da yake nema. Haka Boise ta yi. Oklahoma ba ta ɓata lokaci ba: yunƙurin farko Adrian Peterson ya keta yadi 25 ya shiga, 42 da 35. Wannan shi ne wasansa na farko tun da ya karya ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji a watan Oktoba, kuma shi ne na ƙarshe a jami'a, domin a 2007 ƙungiyar Minnesota Vikings ta ɗauke shi a matsayi na bakwai a zaɓen sabbin 'yan wasa.

Boise ta lallaɓa har wajen yadi 5, ta sake samun kanta a yunƙuri na huɗu ana neman yadi 2. Kafin a miƙo ƙwallo sai Zabransky ya bar wurinsa ya yi hagu kamar mai cafke. Doka ta yarda mutum ɗaya ya kasance cikin motsi lokacin miƙo, in dai ba gaba yake nufa ba. Wanda ya rage a bayan layi shi ne Vinny Perretta, mai cafke jifa ne ba majefi ba, shi aka miƙo wa. Duk ɗan tsaron da ya ga majefi ya fice, ga yadi 2 kacal ake nema, abin da zai karanta shi ne gudu za a yi. Perretta ya ƙara tabbatar musu, ya soke ƙwallo a hammata ya yi dama. Schouman, wanda ke tsaye a gefen ƙartin gaba masu tare wa majefi, ya yi kamar zai tare wani sannan ya sulale cikin gidan ci. Masu tsaro sun taso tarar gudu, Perretta ya lilo masa ƙwallo ta saman kansu. Haɗarinta a fili yake: an cire ƙwallo daga hannun wanda ya fi kowa iya jifa an ba wanda ba aikinsa ba, yana gudu, a yunƙurin da in ya faɗi an gama. Kuma in ɗaya daga ƙartin gaba ya ɗauka gudu ne na gaske ya zarce can gaba, alƙali zai jefa ƙyallen laifi, domin masu lamba 50 zuwa 79 ba su da izinin wucewa gaba kafin a yi jifa. An zama 42 da 41.

Daga wani mai karatu a Garwa: A nan ne ban gane ba. Da sun buga maki 1 sun yi daidai. Me ya kai koci ga caca da wahalar shekara guda? Kuma yaya aka yi ƙwallo ta ɓace daga hannun majefi?

Ɗan'uwa, a ganinmu wannan ita ce shawara mafi natsuwa da Petersen ya yanke a daren, kuma ga lissafin. Bugun maki 1 ba ya ba da nasara, zagaye na biyu kawai yake saye. A zagaye na biyun kuma zaɓi zai koma hannun Oklahoma, su ne za su zo daga baya suna sane da abin da suke nema. 'Yan tsaron Boise sun fi na Oklahoma ƙanƙanta, sun sha karo na minti sittin, kuma yanzun nan Peterson ya ratsa su a taku ɗaya. Oklahoma na da 'yan canji masu ƙarfi fiye da nasu, don haka duk zagayen da aka ƙara, sikeli na ƙara rinjaya zuwa can. Neman maki 2 a bisa al'ada yana cin nasara ƙasa da rabin lokaci kaɗan. Amma in kana ganin damarka a ƙarin zagaye ba ta kai haka ba, kuma kana da dabarar da ka yi atisaye a kanta wadda abokin hamayya bai gani ba a daren, to yadi 3 sun fi maka sauƙi a kan yadi 25 sau biyu ko uku. Ƙaramar ƙungiya gajeren wasa take so.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai a ƙwallon Amurka. Suna kiranta da sunan gunkin 'yanci na birnin New York, saboda majefi yakan tsaya hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa kamar gunkin. Boise ta jera masu cafke uku a dama, wurin da ya nuna za a yi gajeren jifa na gaggawa zuwa can, biyu su tare hanya ɗaya ya shiga. Zabransky ya karɓi ƙwallo, ya juya kafaɗarsa dama, ya wurga hannun damansa da ƙarfi kamar ya saki. Hannun babu komai. Ƙwallo na hannun hagu, a ɓoye a bayan ƙugunsa. Ian Johnson, da ke tsaye a bayansa, ya ɗan dakata kamar wanda aikinsa ya ƙare yana kallon inda jifa ta tafi, sannan ya zare ƙwallon ya yi hagu. A hagun Ryan Clady, ƙaton da ke gadin wannan gefe, tare da Schouman sun toshe waɗanda suka rage zuwa ciki. Johnson ya shiga babu wanda ya taɓa shi, 43 da 42.

Abu huɗu ne ke riƙe da ita. Na farko idon majefi: dole kansa da idonsa su bi jifan ƙaryar har ƙarshe, domin 'yan tsaro ido da kafaɗa suke karantawa. In ya waiga ya duba mai karɓa, asiri ya tonu. Na biyu haƙurin mai gudu. In ya motsa da wuri, ɗan tsaron tsakiya da aka ɗora a kansa zai bi shi. Wannan ɗan tsayuwar da Johnson ya yi, jiki a sake, ita ta sallami masu gadinsa. Na uku miƙawar kanta, wadda ake yi a makance da hannun da ba shi ne na aiki ba. Majefi riƙewa kawai yake yi, mai gudu ne ke ɗauka, kuma in majefi ya saki kafin a kama, ƙwallo ta faɗi. A dokar jami'o'i, in masu tsaro suka tsince ta a irin wannan gwaji suka kai ɗaya gidan, su ke da maki 2. Na huɗu shi ne ɗan tsaron ƙarshen layi na hagu. In mutum ne mai tsayawa wurinsa komai ya gani, zai tarar da mai gudu yadi biyar a bayan layi, an gama. Oklahoma ƙungiya ce mai saurin bin ƙwallo, an hore su su yi rubdugu inda jifa ta nufa, kuma saurin nasu ne ya kwashe su daga inda ake bukatarsu. Bayan wasan ne Johnson ya durƙusa a gaban kyamara ya nemi auren budurwarsa, abin da ya ƙara yaɗa labarin. An zaɓi Zabransky gwarzon masu kai hari, Tadman kuma, mai tsinke jifa biyu, gwarzon masu tsaro.

Daga wata ɗaliba a Kano: Tunda Boise State ba ta sha kashi ko sau ɗaya ba a kakar, don me ba ita ce zakarar ƙasa ba?

'Yar'uwa, saboda tsarin BCS ƙungiya biyu kacal yake zaɓa su buga wasan zakara, ta hanyar haɗa ƙuri'un masu zaɓe da lissafin kwamfuta, kuma an zaɓe su tun farkon Disamba. Mako guda bayan wannan wasa, ranar 8 ga Janairu, a wannan filin na Glendale, Florida ta doke Ohio State 41 da 14 ta ɗauki kambun duk da ta taɓa faɗuwa sau ɗaya. Boise State ta gama da nasara 13 babu faɗuwa, ita kaɗai a babban aji, amma ta biyar aka sa ta a ƙuri'ar 'yan jarida ta AP. Hujjar masu tsarin ita ce abokan karawarta na WAC ba su kai na manyan rukunai ƙarfi ba. Hujjar na da ƙamshin gaskiya, sai dai mu muna ganin rashin adalci ne a hana ƙungiya hanyar da za ta gwada kanta sannan a ce ba ta gwada ba.

Tsarin ya canza daga baya. A 2014 aka koma gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiya huɗu, a 2024 aka faɗaɗa ta zuwa 12 tare da gurbi ga zakarun rukunai biyar mafi matsayi, abin da ya buɗe ƙofa ga ƙananan rukunai. Boise State ta sake cin Fiesta Bowl sau biyu, a kan jami'ar TCU ta Texas 17 da 10 a Janairun 2010, da Arizona 38 da 30 a Disambar 2014. A shekarar farko ta gasar 12 ta samu shiga, aka haɗa ta da Penn State a Fiesta Bowl ranar 31 ga Disamba, 2024, a wannan filin dai, inda ta sha kashi 31 da 14.